Babu Wari

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa gida lafiya. Ya ƙafar taki, ta sake kumbura a mota? Ya maigidan da yara? Allah ya saka da alheri da zuwan da kika yi, ya bar zumunci. Mu nan da sauƙi. Ana ta ba mu haƙurin rashin maigidana, muna karɓa.

Kin ce in riƙa kiranki a waya. Na gwada, amma ɗakin ba ya rabuwa da mutane. Shi ya sa na nemi takarda da biro. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya.

Lokacin da kike nan ba wanda ya gaya mana komai, sai dai a ce iska ce. Kin ga yadda surukata ta ɗauki maganar. Har yau tana nan a kan cewa mutanen ɓoye ne ke zaune a ramin, ɗanta ya taka su. Ni ma ban musa ba, don ban san wata iskar da ke kashe ƙato a tsaye ba. Sai da Autanmu ya samu bakin magana na ji yadda abin ya faru.

Kin san masana'antar fatar tana da wani babban rami a baya, inda ruwan wankin fatu yake taruwa. In laka ta cika shi sai a zuƙe ruwan da inji, sannan su maigidana su sauka da shebur da bokiti su kwashe abin da ya rage. Ranar da safe suka ɗaga murfin, suka koma ƙarƙashin rumfa suka sha shayi, suna jiran wari ya kwanta, haka suke cewa. Daga nan maigidana ya je bakin ramin ya durƙusa, ya shaƙa, ya ɗago ya ce babu wari. Ya kama tsani ya sauka. Auta yana sama riƙe da igiyar bokiti. Ya ce yana kallonsa, ya caka shebur a laka sau ɗaya, ya ɗago kai kamar zai yi magana, sai kawai ya durƙushe. Ko kira bai yi ba. Dogo, mijin maƙwabciyata, ya ɗauka santsi ne ya kwashe shi, har yana yi masa tsiya wai tsufa ya zo. Ya bi shi. Bai ƙarasa tsanin ba ya saki hannu. Auta ya sa ƙafa zai bi su, mai gadi ya rungumo shi ta baya suka faɗi tare, ya danne shi yana ta zaginsa har 'yan kwana-kwana suka zo da tulunan numfashi a bayansu. Ba don tsohon nan ba, Yaya, da gawa uku muka yi.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba.

Jiya abokan aikinsa suka zo gaisuwa a tare. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, ina daga cikin ɗaki ina amsawa. Suka shiga yabonsa, ni kuma ina jin daɗi, don an ce yabon mamaci sanyi ne ga na raye. Sai direban motar laka ya ce, "An yi rashin Hanci. Mutumin da hancinsa ya fi na'urar bature, wa zai shaƙa mana rami yanzu?" Wani ya ce shekara da shekaru ba wanda ya taɓa sa ƙafa a tsani sai Hanci ya shaƙa ya ce babu wari. Wani ya ce in ya faɗa, ko limami ba ya ƙara magana. Suka yi 'yar dariya, suka share hawaye.

Yaya, ni duk zaman da muka yi na ɗauka don dogon hancinsa suke kiransa Hanci. Ke ma ai kin sha tsokanarsa, kina cewa hancin ne yake fara yin sallama kafin mai shi ya shigo. Bai taɓa kawo mini labarin rami gida ba. Yakan yi wanka a can, ya canja kaya, in na tambaye shi aiki ya ce aiki sai godiya. Ban san cewa da hancin nan ake auna rayukan mutane ba.

Akwai abin da na sani game da hancin nan wanda duk tsakar gidan ba wanda ya sani. Ba zan iya rubuta shi yau ba.

Takwararki tana gaishe ki. Har yanzu in ta ji ƙarar babur sai ta ruga bakin ƙofa. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Maman takwararki


Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da duk mutanen gidan. Ya jikin maigidan, tarin ya sake shi? Na san wasiƙata ta bar ki da zullumi, ki gafarce ni. Ga maganar.

Maigidana ba ya jin wari, Yaya. Ba ya jin ƙamshi. Ba ya jin komai.

Abin ya fara tun ina goyon takwararki. Ya yi wata mura mai nauyi, murar ta tafi, hancin bai dawo ba. Ni na fara lura. Wata rana na bar shi da tukunya a wuta na leƙa maƙwabta, na dawo na tarar miya ta ƙone ƙurmus, hayaƙi har waje, shi kuwa yana zaune ya ba tukunyar baya yana gyaran rediyo. Yakan ɗauki yarinyar ta ɓata wandonta, yana ta yi mata wasa yana sumbatarta, sai na zo na karɓe ta ina toshe hanci. Na sayi sabon turare na shafa, na yi ta giftawa ta gabansa, har na gaji na ce malam, wannan hancin naka ado ne kawai? Ya yi dariya ya ce ai shi ya huta, duniya ta fi wari yawa. Ya zama abin wasanmu. In na kawo abinci sai ya ja numfashi da ƙarfi ya ce kai, wannan ƙamshi, ni kuma in ce Allah ya shirye ka. Sau ɗaya na ce ya je asibiti, ya ce likitoci suna da marasa lafiya na gaske. Ya kuma ce kada in gaya wa mutane, ba ya son a mai da shi abin tausayi. Na ɗauka kunya ce irin ta maza.

Yanzu ki haɗa wannan da abin da direban ya faɗa. Mutumin da bai ji ƙonewar miya a bayansa ba, shi ne yake durƙusawa a bakin rami ya ce wa mutane babu wari.

Shekaranjiya wata mata ta zo, daga ofishin da ke kula da lafiyar ma'aikata. Aikinta awon iska a wuraren aiki. Ba ta da girman kai, ta cire takalmi ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta yi gaisuwa yadda ya kamata. Ta fito da wata na'ura ruwan ɗorawa, ba ta fi sabulun wanka girma ba, da ɗan gilashi mai nuna lamba. Ta ce ana maƙala ta a wuyan riga kusa da hanci, in mugunyar iska ta kai wani mizani sai ta yi ƙara tana walƙiya, kowa ya fita. Kafin a shiga rami kuma ana ɗaura ta a igiya a zura, a auna sama, a auna tsakiya, a auna ƙasa, domin iskar da ta kashe su ta fi tamu nauyi, can ƙasa take kwanciya kamar ruwa a kwano. Ta ce daga ruɓar laka take fitowa, kuma da an caka shebur sai ta taso gaba ɗaya. Surukata tana jin haka ta ce to, ai ita ma abin da take faɗa ke nan, an taɓa musu wurin kwana. Matar ba ta yi dariya ba, ta ce, "Mama, wannan iskar ba ta jin addu'ar kora, amma tana jin fanka."

Na tambaye ta ko masana'antar ba ta da irin na'urar. Ta ce akwai. A rataye ta same ta a ƙusa cikin rumfar shayi, batirinta ya mutu, gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Ma'aikatan suna kiranta 'yar tsegumi, wai ba ta iya ganin mutum yana aiki ta yi shiru. Manajan bai matsa ba, tunda duk ƙarar da ta yi aiki ne ya tsaya. Ta ce wannan laifin nasu ne kuma za su amsa shi.

Sai ta gaya mini abin da ya fi tsorata ni. Wai iskar tana warin ruɓaɓɓen ƙwai in kaɗan ce. In mutum ya daɗe a cikinta, ko ta yi yawa, sai ta kashe jin warin, ko da hancinsa lafiya lau yake. Wato lokacin da suke cewa wari ya kwanta, ba warin ne ya kwanta ba, hancinsu ne.

Da za ta tashi ta tambaye ni ko marigayi ya taɓa kukan ciwon kai, ko jiri, ko wani abu game da hancinsa. Surukata tana gefe tana jan carbi. Na ce ban sani ba.

Yaya, ga abin da ya hana ni sukuni. An rufe ramin, amma ba a gama kwashe shi ba, kuma za a buɗe. Ma'aikatan sun taru sun ce Auta ne zai gaji maigidana, tunda shi ya koya masa aiki. Har sun fara kiransa Ƙaramin Hanci, shi kuma yana amsawa.

Ki ba ni shawara. Ki gaida yara, ki ce ina sa musu albarka.

Taki har kullum,
Ƙanwarki


Yayata,

Assalamu alaikum. Wasiƙarki ta iso ta hannun ɗan maƙwabcinku, na gode, Allah ya ƙara lafiya. Ya ƙafa? Ki daina tsayuwar wanki, ga yara nan. Mu muna nan yadda kika sani.

Na karanta abin da kika ce har takardar ta yi laushi. Kin ce wanda ya mutu ya riga ya tafi da nasa, a rufa masa asiri Allah ya rufa mana. Kin ce in ja Auta gefe in roƙe shi ya bi na'urar kawai, ba sai na tona komai ba. Na bi maganarki, Yaya. Ga yadda muka yi.

Ya zo da rana cin abinci, don tun rasuwar a nan yake ci. Ya rame, idanunsa sun faɗa, amma bakin yana nan. Tun daga ƙofa ya ɗaga hanci ya ce an sa citta a miyar nan, kuma an so a ƙona albasa. Ya ce, "Kin gani ko, Yaya ƙarama? Gado ba ƙarya ba ne." Na zuba masa, na zauna na ce don Allah in an buɗe ramin kada ya sa ƙafa sai matar nan ta zura na'urarta. Sai ya ajiye cokali. Ya ce ita matar ofis ce, za ta zo ranar farko ta yi abin da za ta rubuta ta tafi, ramuka kuwa ba sa ƙarewa. Ya ce 'yar tsegumi ko tusa aka yi kusa da ita sai ta tara wa mutum jama'a. Ya ce Yaya Hanci ya shekara nawa yana shaƙa ba a taɓa ko ciwon kai ba, rana ɗaya da wa'adi ya cika sai a ce hanyarsa ce ba ta da kyau? Wai duk wanda ya rataya abin nan a wuya yanzu, kamar ya tsaya a kan kabarinsa ne ya ce ƙarya yake yi. Na gaya masa abin da matar ta ce, cewa iskar tana kashe jin wari. Ya ce hancin 'yan ofis dai. Ya ce shi da idonsa ya ga mutumin da hancinsa bai taɓa kuskure ba.

Kin ji inda gizo yake saƙar. Ba taurin kai ne kawai ba, ƙauna ce. Tun yana sabon zuwa maigidana ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya koya masa riƙon shebur, ya raba abincinsa da shi. Muddin Auta ya yarda cewa hancin nan bai taɓa kuskure ba, ba na'urar da za ta shiga tsakaninsa da tsani. Kuma ba shi kaɗai ba ne, duk haka suke.

Na buɗe baki zan faɗa masa, sai ga matar Dogo ta yi sallama. Kin tuna ta, mai fara'ar nan da ta riƙa dafa wa baƙinmu ruwan zafi alhali ita ma gawar mijinta tana kwance. Cikinta ya tsufa, da ƙyar take zama. Kullum da la'asar takan shigo mu zauna, wani lokaci ko magana ba ma yi. Ranar ta ji ƙarshen zancenmu sai ta ce, "Ni dai ban riƙe kowa a zuciya ba. Abin da hancin mijinki bai ji ba, ba mahalukin da zai ji. Shi ya sa nake iya barci." Ta kama hannuna ta riƙe.

Yaya, na rasa inda zan sa fuskata. Gaba kura, baya sayaki. In na yi shiru, ƙanena zai durƙusa a bakin ramin da ya cinye mijina ya yi abin da ya ga ana yi. In na yi magana, na ƙwace wa matar nan abin da take barci da shi, na kuma sa uwa ta ji cewa ɗanta ya ja ɗan wani zuwa kabari.

Kuma ina ta tambayar kaina, shi me yake nufi? Ya san abin da yake yi? Wani lokaci in ce bai yi ƙarya ba, ya shaƙa bai ji komai ba, ya faɗi abin da ya ji. Wataƙila ya ɗauka ƙamshin miya ne kawai ya ɓace masa, mugun wari kuwa zai ji. Wani lokaci kuma in tuna yadda ya ce kada in gaya wa mutane, sai in ce ya sani. Mutum ne da bai yi karatu ba, ba shi da komai da ake girmama shi da shi sai wannan sunan. Kuma kullum shi yake fara sauka, bai taɓa tura wani gaba ba. Ina riƙe da wannan da hannu biyu. Na zauna da mutum, na san yadda yake tari, na san tafiyarsa daga nesa, ashe akwai ɗaki guda a cikinsa da ban taɓa shiga ba.

An ce farkon mako za a buɗe ramin. Kin ce in yi haƙuri, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki yi mini addu'a, kada ki yi fushi da duk abin da kika ji.

Takwararki ta sa hannu a tawada ta dangwala miki a ƙasan takardar, wai ita ma ta rubuta.

Ƙanwarki mai ƙaunarki


Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da yara, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Kafin komai, Auta yana nan da ransa. Na fara da wannan don kada ki karanta sauran da faɗuwar gaba.

Na faɗa, Yaya.

Ana gobe za su koma aiki suka biyo da yamma su yi mini sallama, wai ba za su taɓa ramin ba sai sun nemi albarkar gidan Hanci. Suka cika tsakar gida. Surukata tana bakin ƙofarta, matar Dogo tana kusa da ni a ɗaki. Na so in kira Auta shi kaɗai, amma na san zai haɗiye maganar don ya kare maigidansa, ya kuma sauka don ya nuna ba haka ba ne. Direban ya ce a yi addu'a Allah ya sa hancin ƙarami ya kai na babba. Kafin su ɗaga hannu na miƙe na tsaya a bakin labule. Ban san da wace murya na yi magana ba. Na ce ku dakata, ina da magana. Na ce mijina ya yi shekaru ba ya jin wari. Na ba su labarin miyar, da na wandon yarinya, da na turaren. Na ce ban san da hancinsa kuke shiga rami ba sai bayan ya mutu, da na sani da na zo har bakin ramin na faɗa. Na ce duk ranar da kuka sauka kuka fito, ba hanci ne ya fito da ku ba, kwananku ne bai ƙare ba.

Direban ya ce, "Hajiya, baƙin ciki ne, ki zauna." Sai mai gadi, tsohon da ya danne Auta, ya yi gyaran murya. Ya ce shi ya taɓa mamaki, wata rana mataccen ɓera ya kumbura a bayan buhunan rumfa, kowa ya gudu waje, Hanci yana zaune a ciki yana cin burodinsa. Ya ce a lokacin sun ɗauka jarumta ce. Wani ya ce shi ma ya tuna ranar da fetur ya zube. Suka yi ta kallon juna.

Auta ya tashi, idonsa ja wur. Ya ce, "Da bakinki, Yaya ƙarama? Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba." Ya fita bai ko ɗauki hularsa ba. Surukata ba ta yi kuka ba, ta ce in ta san haka zan yi masa da ta roƙi Allah ya ɗauke ta kafin yau, ta shiga ta rufe ƙofa. Matar Dogo ta dafa bango ta miƙe. Ta tsaya a gabana, ta ce, "Kin san miya ta ƙone, kika yi dariya." Ta fita. Na so a ce ta zage ni.

Washegari ban iya zama ba, ban iya tsayuwa ba. Na wanke kwanukan da na riga na wanke. Har rana ta karkata ba labari. Sai gab da magariba na ji tsayuwar mutum a ƙofar gida, bai yi sallama ba. Na leƙa, Auta ne, da kayan aikinsa a jiki, ba laka ko ɗigo a takalminsa. A wuyan rigarsa ga 'yar tsegumi a maƙale.

Ya zauna a dakalin ƙofa, bai kalle ni ba, ya ba ni labari kamar da ƙasa yake magana. Ya ce mai awon iska ta riga su zuwa, ta sa an ja igiya an kewaye ramin, ta kawo wata babbar fanka mai dogon bututu. Aka ɗaga murfi, wari ya bugi kowa, suka ja baya suka jira kamar kullum. Can ya ce mata shi zai shaƙa, ko ta yarda ko ba ta yarda ba, don ya wanke sunan maigidansa. Ta auna bakin ramin tukuna, ta sa aka ɗaura masa igiya a ƙugu mutum biyu suka riƙe, sannan ta ce bismillah, amma daga nan ba ƙasa. Ya durƙusa ya shaƙa. Ya ce, "Wallahi Yaya ƙarama, babu wari. Ni da nake jin citta daga bakin ƙofa. Da ni kaɗai ne da na sauka." Ya ɗago ya gaya musu haka. Ita kuma ta ɗaura na'urar a igiya ta fara zurawa a hankali. Tun ba ta kai rabi ba ta fara ƙara. Da ta kusa laka, ya ce ƙarar har cikin haƙoransa, lambar tana ta hawa, matar ta ce a nan mutum ba ya wuce numfashi ɗaya ko biyu. Direban ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka. Aka kunna fanka, aka yi ta aunawa, har aka tashi lambar ba ta sauko inda ake so ba, don haka ba wanda ya sauka. Aka ce washegari za a sake aunawa, in ba ta sauko ba a sake jira. Ta ce ko an sauka, kowa da tasa a wuya, kuma da mutum a sama da ba ya matsawa.

Da ya gama sai ya kifa kai a gwiwa ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Ya ce, "Me ya sa bai gaya mini ba? Ni da zan shaƙa masa." Na ce kai ma ga naka hancin, me ya ji? Na kawo masa abinci nan dakalin, ya ci, ya ƙara. Har ya tafi bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban nema ba.

Surukata tana karɓar abinci daga hannun takwararki, ba daga nawa ba. Matar Dogo ta daina shigowa. In la'asar ta yi sai in ga ina gyara mata wurin zama, sannan in tuna. Na ji an ce haihuwarta ta kusa, ban san ko za a bar ni in shiga ba. A titi kuma maganar ta bazu, waɗanda suka cika mana gida da yabo yanzu in sun zo wucewa sai su sauke murya.

Ban yi nadama ba, Yaya, amma kada ki ɗauka na daina son sa. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma shi ya fara sauka. Abu ɗaya nake roƙonki. In kin idar da salla ki riƙa sa shi a addu'a, shi da Dogo, ki sa yaranki ma su yi. Masu yi masa sun ragu.

Ki gaida kowa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarki,
Matar Hanci